Hasken Hoton Mutum a Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Ƙaramin Jari

Masu fara ɗaukar hoton mutane a fili kusan duk da tambaya ɗaya suke zuwa: wace fitila ce ta fi ƙarfi a kuɗin da ke hannuna? Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta yi gaggawa. Abin da ke fito da kyan fuska a hoto shi ne girman hasken, da kusancinsa da mutum, da ɓangaren da ya ɓullo. Ƙarfi daga baya yake zuwa. A kan wannan fahimtar aka ɗora amsoshin da ke ƙasa.

Ga rana a sama kyauta, me zan yi da wata fitila?

Rana tana ba ka haske mai yawa, amma ba ta tambayarka inda kake son sa. Idan tana tsaka, sai ta zubo daga sama, kwarmin ido ya yi duhu, hanci ya jefa inuwa kan leɓe, goshi ya yi ta ƙyalli. Idan ka juya mutum ya ba ta baya don ya daina runtse ido, fuskar ta faɗa cikin duhu. Ka buɗe kyamara don fuskar ta fito, sama ta ƙone ta zama fari fat. Idon ɗan Adam yana ganin hasken da duhun a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta kai nan ba. Aikin hasken da ka ɗauko shi ne ya rage tazarar da ke tsakanin fuskar da bayanta, har kyamara ta iya riƙe duka biyun.

Kuɗina kaɗan ne. Me zan fara saya?

Faifan mayar da haske, wanda masu hoto ke kira rifilekta. Zagayayyen ƙyalle ne a jikin waya mai lanƙwasuwa, ana naɗe shi ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Ba ya cin batir, ba ya lalacewa da wuri, kuma abin da zai yi wa fuska kana ganinsa da idonka kafin ka danna. Wannan na ƙarshen shi ya sa nake fifita shi ga mai koyo: a kansa za ka gane yadda haske ke sauyawa idan ka ɗaga shi, ko ka matso da shi, ko ka kai shi gefe.

Nemi mai faɗin santimita 100 zuwa 110. Wanda bai kai 80 ba fuska kaɗai zai haskaka, wanda ya wuce 120 kuma iska za ta hana ka sakat.

Bayan shi sai ƙaramin filas guda ɗaya da ake saita ƙarfinsa da hannu, da tiriga mai tashe shi daga nesa, da sandar fitila mai ƙafa uku, da lema. Waɗannan huɗun tare ake sayensu, domin ɗaya ba ya aiki sosai in babu sauran. Kada ka zuba kuɗin duka a kan filas ka bar shi zaune a kan kyamara. Filas mai araha da aka cire daga kan kyamara aka ajiye a gefe cikin lema ya fi mai tsada da ke harba haske kai-tsaye daga saitin lens, nesa ba kusa ba.

Faifan yana da fuska biyar. Wacce zan riƙa amfani da ita?

Farar ita ce ta yau da kullum, haskenta mai laushi ne, amma sai ka matso da ita kusa. Ta azurfa ta fi ƙarfi, ta dace da inuwa ko ranar da hadari ya rufe sama. A tsakar rana tana kashe ido, kada ka haska wa mutum ita a fuska ka bar shi yana hawaye. Ta zinariya tana saurin mayar da fata ruwan lemo, ka yi hattara da ita. Baƙar ba ta mayar da haske, shanye shi take yi, ana sa ta a gefe ɗaya don fuska ta sami inuwa idan haske ya yi yawa ta ko'ina.

Ta biyar ita ce mutane suka fi mantawa da ita, kuma ita ce mafi daraja: farin ƙyallen nan mai shara-shara da ke ciki idan ka zuge murfin. Riƙe shi tsakanin rana da mutum, sai zafin hasken ya karye, inuwa ta yi laushi, ido ya buɗe. Don hoton kai da kafaɗa a tsakar rana, wannan kaɗai ya isa a yi aiki mai kyau.

Filas zan saya ko fitilar LED?

Idan da rana za ka yi aiki, filas. Hasken rana tsaka yana kaiwa wajen lus 100,000 a ma'aunin haske, ƙaramar fitilar LED mai batir kuwa ko ka kunna ta a fuskar mutum da ƙyar za ka ga alamarta. Filas yana tara wutarsa ne ya sake ta gaba ɗaya cikin ɗan ƙanƙanin lokaci da bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya sa abin da ke shiga aljihun jaka yake iya ja da rana.

LED tana da nata lokacin: bayan faɗuwar rana, ko cikin inuwa mai duhu, ko idan kana haɗa hoto da bidiyo. In za ka saya, duba lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launi daidai. Ta kai 95 ko sama. Wadda ta gaza haka takan sa fata ta yi kore-kore, kuma gyara shi a kwamfuta wahala ce.

Ƙaramin filas zai iya rinjayar rana tsaka?

Zai iya, amma da sharaɗi, kuma gara ka san lissafin tun kafin ka fita.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu hoto suka gada tun zamanin fim: a rana mai haske tar, idan ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) yana 100, shata (lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) tana 1/100 na daƙiƙa, to ƙofar lens f/16 ce; idan lambar f ta ƙaru, ƙofar tana ƙara tsukewa. Yawancin kyamarori ba sa yarda filas ya yi aiki yadda aka saba sai shata ba ta wuce 1/200 ko 1/250 ba. A 1/200 ƙofar ta koma f/11. Idan kana son bayan hoton ya ɗan yi duhu, shuɗin sama ya fito, mutum ya fita daban, sai ka rage mataki ɗaya, wato rabin hasken, ka koma f/16. Ke nan dole filas ɗinka ya ba da hasken da ya kai f/16 a kan fuskar.

Ga inda ake yaudarar mai saye. Za ka ga an rubuta GN 60 a jikin kwali. Wannan lambar jagora ce: ka raba ta da lambar ƙofar lens, ta ba ka nisan da filas zai kai da mita, a ISO 100. Amma 60 ɗin an auna ta ne da kan filas ya matse haskensa iya matsewa, a zuƙowar milimita 200. Idan aka baza shi yadda zai cika lema, lambar takan sauko wajen 36. Raba 36 da 16, ka sami mita 2 da ɗan ɗori, kuma wannan filas ne tsirara, babu komai a gabansa. Sa shi cikin lema ko akwatin tausasa haske, ka yi asarar mataki ɗaya zuwa biyu. Asarar mataki biyu tana raba nisan gida biyu, ka dawo mita 1.

Saboda haka ƙaramin filas a tsakar rana yana ba ka zaɓi biyu: ko haske mai kaifi daga mita 2, ko mai laushi daga mita 1, wanda ya ishi hoton kai da kafaɗa. Hoton mutum tun daga kai har ƙafa cikin haske mai laushi da azahar ya fi ƙarfinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka shiga wannan kokawar. Kai mutumin ƙarƙashin inuwar bishiya ko gini, bayansa na cikin rana, ko ka jira awa ɗaya kafin faɗuwar rana. A lokacin ƙaramin filas a rabin ƙarfinsa ko kwata zai yi abin da babba ke fama da shi da tsakar rana. Zaɓen lokaci da wuri ba ya cin ko sisi.

Ka kuma riƙe dokar nisa: idan ka ninka tazarar fitila da mutum, hasken da ke isa gare shi zai koma kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Idan ka raba tazarar biyu, ya ninku sau huɗu, ya kuma ƙara laushi. Matso da sandar kafin ka ce filas ba shi da ƙarfi.

Waɗanne filas ne ake samu da araha, kuma yaushe zan koma babba?

Godox TT600 da Yongnuo YN560 IV su ne aka fi sani a cikin ƙananan da ake saitawa da hannu. Dukansu suna cin batir AA guda 4, kuma suna da na'urar karɓar saƙon tiriga a cikinsu, ba sai ka sayi wata daban ba. Godox V860 yana amfani da batirin litiyam, ya fi saurin cika bayan kowace harbawa.

Ƙarfin manyan fitilu da Ws ake auna shi, wato yawan wutar da fitila ke saki a harbawa ɗaya. Ƙaramin filas bai cika wuce 60 zuwa 76 ba. Godox AD200 yana da 200, AD400Pro 400, AD600Pro 600. Sai dai ka lura, ninka Ws mataki ɗaya kawai yake ƙara maka. Daga 76 zuwa 200 kusan mataki ɗaya da rabi ne, daga 200 zuwa 400 mataki ɗaya. Nauyi kuwa yana hawa da sauri: AD200 kusan kilo 1 ne, AD600Pro kusan kilo 3, kuma zai buƙaci sanda mai ƙarfi da ita ma nauyi gare ta.

A ganina AD200 shi ne iyakar abin da mai ɗaukar kayansa a kafaɗa ya kamata ya hanga. Lokacin sayensa shi ne ranar da ka ga kullum ƙaramin naka yana kan cikakken ƙarfi, kana jiran ya cika mutum na tsaye yana gajiya. In ba ka kai nan ba, ajiye kuɗinka. Wani abin kuma, ƙananan filas biyu a cikin lema ɗaya suna ƙara maka mataki ɗaya, kuma ranar da ɗaya ya mutu kana da ɗaya.

Lallai sai mai TTL?

A'a. TTL yana auna hasken da kansa, yana da amfani a taro inda mutane ke kai-komo. A hoton mutum ɗaya da ya tsaya inda ka ajiye shi, saitin hannu ya fi, domin kowane hoto zai fito daidai da na bayansa.

HSS fa? Ina son bayan hoton ya narke.

Nan ne matsalar shata ta 1/200 ke ɓullowa. Kana son f/2.8 don baya ya narke, amma rana ta tilasta maka f/11. Tsakaninsu mataki huɗu ne.

HSS yana ba ka damar kai shata 1/4000 ko 1/8000. Yadda yake yi shi ne, maimakon harbawa ɗaya, sai filas ya yi ta ƙyaftawa da sauri matuƙa muddin labulen shata na wucewa a gaban sensa. Abin da za ka biya shi ne ƙarfi: da zarar ka tsallake iyakar shata, babban kaso na hasken ya tafi, batir ya riƙa ƙarewa da wuri, filas ya riƙa zafi. Ga wanda tun farko ƙarfinsa bai isa ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Ɗaya hanyar ita ce gilashin rage haske da ake ɗaurawa a bakin lens, wato filtar ND. ND8 tana rage mataki uku, ta kai ka daga f/11 zuwa f/4. ND64 tana rage shida, ta kai ka f/1.4. Shata na nan a 1/200, filas yana aiki da dukan ƙarfinsa. Illarta ita ce kyamara mai madubi takan sha wuyar kama fokas idan gilashin ya yi duhu sosai; marasa madubi sun fi jure wannan. Filta maras inganci kuma tana sauya launi, don haka gwada ta a kan farar takarda kafin ka amince da ita.

Ga mai ƙaramin filas, ND ta fi riba. Amma idan za ka sami HSS ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba, karɓa. TT600 ma yana yi idan aka tashe shi da tirigar Godox da ta dace da kyamararka.

Lema ko akwatin tausasa haske?

Lema ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, ana buɗe ta nan take. Farar da haske ke ratsawa, mai faɗin santimita 85 zuwa 110, ta isa a fara. Aibinta biyu ne: tana watsa haske ko'ina, kuma iska abokiyar gabarta ce.

Akwatin, wato sofboks, yana tattara hasken ya tura shi gaba, don haka asara ta ragu, iska ma ba ta cika kama shi kamar lema ba. Mai kusurwa takwas na santimita 60 zuwa 80, wanda ke buɗewa irin na lema, shi ya fi dacewa da yawo. Kada ka sayi na santimita 120 don ƙaramin filas, ba zai cika shi ba. Ka nemi mariƙi mai bakin Bowens, irin Godox S2, wanda ke riƙe ƙaramin filas da AD200 duka. Bakin Bowens ya zama gama-gari, kamfanoni da yawa suna ƙera kaya a kansa, don haka akwatin da ka saya yau zai bi ka har ranar da ka sauya fitila.

Yaya zan yi da iska?

A fili, iska ta fi komai karya filas. Sanda ce wurin da mutane suka fi tsuke hannu, alhali ita ke ɗauke da duk abin da suka kashe wa kuɗi. Nemi wadda ta kai mita 2 zuwa 2.4 ba tare da ka zaro siririn sashenta na ƙarshe ba, wadda ƙafafunta ke bajewa da faɗi. Sa ƙafa ɗaya ta fuskanci ɓangaren da nauyin ya rinjaya. Rataya jakarka a gindinta, ko ka tafi da buhun da babu komai a ciki ka cika shi da yashi ko duwatsu a wurin.

Duk da haka babu abin da ya kai mutum. Wanda zai riƙe maka sandar, ya matsa idan ka ce matsa, ya ɗaga idan ka ce ɗaga, ya fi kowane buhu. Idan kai kaɗai ne kuma iska ta taso, naɗe lemar, ka yi aiki da filas tsirara daga gefe. Haske mai kaifi ma yana da nasa kyan, kuma ya fi kama da na rana.

Wace tiriga zan ɗauka?

Ta rediyo. Masu tashi da ganin hasken wani filas suna ruɗewa a cikin rana. Na yanzu suna aiki a kan 2.4 GHz, kuma kowane kamfani da nasa tsarin, na wannan ba ya magana da na wancan. Saboda haka zaɓen tiriga zaɓen gida ne. A tsarin X na Godox, tiriga ɗaya irin X2T ko XPro tana sarrafa TT600 da AD200 da AD600Pro, kana sauya ƙarfinsu daga kan kyamara. Duba harafin da ke ƙarshen sunanta: C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, O na Olympus da Panasonic.

Wane batir?

Kada ka dogara da AA na yarwa, suna jinkirin cika filas kuma a ƙarshe sun fi tsada. Sayi masu caji na NiMH, irin Eneloop na Panasonic, saiti biyu ko uku, kowane saiti ka yi masa alama ya riƙa tafiya tare. Saiti ɗaya yana ba da harbawa sama da 200 a cikakken ƙarfi. Ka guji harbawa a jere a kan cikakken ƙarfi, domin filas zai yi zafi ya tsayar da kansa sai ya huce. In za ka hau jirgi, batirin litiyam da ba ya jikin na'ura a jakar hannu ake sa shi.

Mai duhun fata yana buƙatar ƙarin ƙarfin filas?

Wannan kuskure ne da ya yaɗu, kuma ya ɓata hotuna da yawa. Idan ka ƙara ƙarfi kawai, goshi da kunci da hanci za su yi farin ƙyalli, sauran fuskar ta yi toka-toka. Siffar fuska mai duhu daga sheƙin da haske ke yi a kanta take fitowa. Ƙaramin haske yana ba da ɗigon sheƙi mai zafi. Babban haske da aka matso da shi kusa yana ba da sheƙi mai faɗi da ke bin ƙashin kunci a hankali, launin fatar ya fito da cikarsa. Don haka girma za ka ƙara. Sa akwatin a gefe, sama da saitin ido kaɗan, ka sa farin faifai a ɗaya gefen, ka bar rana ta zana gefen kai da kafaɗa daga baya don mutum ya rabu da bayansa. A goge gumi da maiƙo kafin a fara. Kuma kada ka haskaka fatar mutum ta wuce yadda Allah ya yi ta.

Me ya sa da yamma fuskar ke fitowa fari-fari, bayanta kuma ja?

Launin hasken ne bai zo ɗaya ba. Filas yana wajen 5,500 zuwa 5,600 a ma'aunin Kelvin, daidai da rana tsaka, ranar da ke shirin faɗuwa kuwa tana saukowa wajen 3,000 zuwa 3,500. Maganinsa 'yar ledar launi ce ruwan lemo da ake kira CTO, ana manna ta a bakin filas. Kwata ko rabinta ya isa. Cikakkiyar takan yi yawa, tana kuma cin haske.

Zan iya sayen na hannu?

Sanda, mariƙi, lema da akwati, saya ba fargaba, idonka zai gaya maka lafiyarsu. Filas kuwa sai ka gwada. Harba shi a cikakken ƙarfi ka ƙirga daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya cika. Da sabon batir bai kamata ya wuce 3 zuwa 5 ba. Dubi gilashin gabansa, in ya yi rawaya ko ya narke, an sha ƙona shi. Buɗe gidan batir ka duba tsatsa, ka girgiza ƙafarsa ka ji ko ta tsage.

Ka yi nesa da tsofaffin filas na zamanin fim sai ka tabbatar da wutar da ke fita ta ƙafarsu. Wasu Vivitar 283 na farko suna fitar da sama da bolt 200, abin da zai iya lalata kyamarar zamani ko tiriga. Kuma kada ka kwance filas da kanka: ma'ajiyar wutar da ke ciki tana riƙe da kusan bolt 300 ko bayan an cire batir.

Na haɗa kayan. Ta ina zan fara idan na isa wurin?

Bar filas a kashe tukuna. Tsayar da mutumin rana na bayansa ko gefen bayansa. Sa ISO 100, shata 1/200, ka juya ƙofar lens har bayan hoton ya yi yadda kake so, ko da fuskar ta yi duhu. Sannan ka kunna filas a kwatan ƙarfi, ka ajiye shi a gefe kamar mita 1 daga fuskar, sama da saitin ido kaɗan. Ɗauki hoto ka duba. Fuskar ta yi duhu, ƙara ƙarfi ko ka matso. Ta yi haske da yawa, rage. Idan baya kake son ya ƙara haske, sassauta shata zuwa 1/125 ko 1/60, hasken filas ba zai sauya ba, domin shata hasken wuri kaɗai take taɓawa muddin ba ka wuce iyakarta ba. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, kuma duk sanda gajimare ya rufe rana ko ya buɗe, koma ka sake auna bayan hoton kafin ka taɓa filas.